Gustav: Sandar da Aka Dogara da Ita, Ta Juyo da Duka

Mai karatu, da za ka buɗe kalandar mutanen Suwidin, za ka tarar kusan kowace rana ta shekara an rubuta mata sunan mutum a gefe. Ranar da sunanka ya faɗo, ranarka ce, dangi su taya ka murna. To, duba 6 ga Yuni, ranar da ƙasar gaba ɗaya take hutu ana ɗaga tuta, wato ranar ƙasa. Sunan da ke zaune a wannan rana shi ne Gustav. Kada ka ɗauka dace ne kawai. Akwai mutum a bayan wannan suna, akwai jini, akwai kuma wata cin amana da ba na iya tuna ta ba tare da raina ya ɓaci ba.

Mu fara da sunan kansa, don tsoho ne ƙwarai. A tsofaffin takardun ƙasar ana ganinsa a rubuce Götstaf ko Göstaf, kuma fassarar da ta fi yaɗuwa ta raba shi gida biyu. Kashin farko daga Götar ne, mutanen kudancin Suwidin na dā, waɗanda har gobe ake kiran yankinsu Götaland. Mu ce musu Gotawa. Kashi na biyu, staf, sanda ke nan. Sandar Gotawa, wato madogarar jama'a, wanda ake jingina da shi in ƙafa ta gaza. Wasu masana harshe suna da ja. Sun ce asalinsa Gostislav ne, sunan mutanen Silaf na ƙetaren tekun Baltik, wanda ya haɗa ma'anar baƙo da ta ɗaukaka. Ka riƙe duka biyun, domin mutumin da ya fitar da sunan duniya sai da ya yi baƙunci a gidajen talakawa kafin ya sami ɗaukaka, ya kuma zama sanda. Wace irin sanda? Sannu za ka gani.

An haife shi a 1496 a gidan manya. A zamaninsa Gustav Eriksson ake ce masa, Gustav ɗan Erik. Laƙabin Vasa daga baya aka liƙa masa, daga tambarin gidansu mai kama da dami. Tun 1397 yarjejeniyar Kalmar ta haɗa Suwidin da Danmak da Norwe ƙarƙashin sarki ɗaya, amma sarkin a Danmak yake zaune, kuma yawancin mutanen Suwidin sun gaji da wannan zama. Jagoransu shi ne Sten Sture Ƙarami, mijin Kristina Gyllenstierna, 'yar'uwar mahaifiyar Gustav.

A 1518 sarkin Danmak, Kiristiyan na Biyu, ya zo da jiragen yaƙi, aka fatattake shi a Brännkyrka kusa da Sitokholm. Sai ya ce a zauna a yi sulhu, amma yana tsoron ransa, a ba shi manyan mutane shida su zauna a hannun mutanensa har a gama magana. Aka ba shi, har da Gustav, saurayi ɗan shekara 22. Suna shiga hannu, sarki ya sa aka ɗaga filafilan jirage, ya nufi Danmak da su. Babu sulhu, babu zama. Wannan ne darasin farko da Gustav ya koya game da alkawarin sarakuna, kuma bai taɓa mantawa da shi ba.

Aka tsare shi a ganuwar Kalø. A 1519 ya sulale, ya yi shigar masu koran shanu, ya bi ayarinsu har birnin Lübeck na Jamus, cibiyar manyan fatake na tekun Baltik. Ka tuna da sunan wannan birni, zai dawo da takardar bashi a hannu.

Ranar 31 ga Mayu 1520 ya sauka a asirce kusa da Kalmar, ya tarar ƙasa ta kusa faɗuwa. Sten Sture ya mutu sakamakon raunin da ya samu a fagen fama a farkon shekarar. Matarsa Kristina ce ta riƙe Sitokholm da ƙarfin hali har watan Satumba, sannan ta buɗe ƙofa bisa sharaɗi ɗaya: afuwa ga kowa da kowa, abin da ya wuce ya wuce. Kiristiyan ya sa hannu, ya buga hatimi, ya gayyaci dukkan manyan ƙasa bikin naɗinsa.

Yanzu tsaya, mai karatu. Ga afuwa a rubuce. Mahaifinka zai je. Mijin 'yar'uwarka, Joakim Brahe, ya ɗaura kaya, yana lallashinka ka zo ku tafi tare a yi mubaya'a a huta. Ka gaji da ɓuya, dukiyar gidanku tana jiranka, kowa na cewa yaƙi ya ƙare. Da kai ne, za ka je ko ba za ka je ba?

Gustav ya ƙi. Ya riga ya taɓa hawa jirgin wannan sarki.

Aka yi naɗi ranar 4 ga Nuwamba. Kwana uku ana ci ana sha. Ranar 7 ga wata aka tara baƙi a fada, aka rufe ƙofofi. Sai wani mutum ya miƙe da takardar ƙara. Lura da sunansa: Gustav Trolle, babban bishop na Uppsala, takwaran mutuminmu. Shekaru kaɗan kafin nan mutanen Sture sun tuɓe shi, sun rushe ganuwarsa, yana nan da abin a ransa. Bai zarge su da tawaye ba, don afuwa ta rufe wannan ƙofa. Ya zarge su da fanɗare wa coci. Ka ga dabarar? A dokar wancan zamani, alkawarin da aka yi wa wanda ya fanɗare wa addini ba dole ba ne a cika shi. Da kalma ɗaya aka mai da hatimin sarki wofi.

Washegari aka fitar da su dandalin Stortorget a tsakiyar birni. Aka fara da bishop biyu, na Strängnäs da na Skara, sannan 'yan majalisar sarauta, sannan masu gari da 'yan kasuwa. Haunin da ya jagoranci aikin ya ce ya ƙirga mutum 82. A cikinsu akwai Erik, mahaifin Gustav, akwai Joakim Brahe da ya yi ta lallashinsa. Ko gawar Sten Sture ba a bari ba, sai da aka tono ta aka ƙone tare da sauran. Mahaifiyar Gustav da 'yan'uwansa mata aka kwashe su zuwa Danmak, kuma a can mahaifiyar ta rasu a tsare. Har yau mutanen Suwidin Kiristiyan Azzalumi suke kiran wannan sarki.

Labarin ya iske Gustav a wata gonar gidansu. Ba uba, ba dukiya, ba runduna, ana kuma nemansa ruwa a jallo. Ina zai nufa? Ya sa tufafin manoma ya yi arewa, zuwa Dalarna, ƙasar dazuzzuka da tafkuna da mahaƙar jan ƙarfe, inda aka san talakawa da taurin kai da iya harbin baka.

Abin da ya same shi a can, wani mutanen yankin ne suka riƙe shi baki da baki, wani kuma bishop Peder Svart ya rubuta shi a tarihin sarkin shekaru da yawa daga baya. Masana tarihi suna ganin an zuba masa gishiri. Amma haka kowane yaro a Suwidin ya tashi yana jin sa, kuma sunayen gidajen da mutanen na gaske ne. Ga yadda ake ba da shi.

Ya fara sauka a Rankhyttan, gidan Anders Persson, attajirin mahaƙa, ya nemi ƙwadago, aka sa shi sussukar hatsi. Ɗan manya da sussuka! Hannu bai iya ba, kuma wata baiwar Allah mai aiki a gidan ta hango wuyan riga mai aikin zinariya yana leƙowa daga ƙarƙashin tsumman. Maigida ya kira shi, ya dube shi da kyau, ya gane shi, don sun yi karatu tare a Uppsala. Bai tona shi ba. Amma ido ya yi yawa a gidan, sai ya ce masa ya ƙara gaba. Ka riƙe sunan Anders Persson fiye da kowane suna a wannan labari.

Daga nan sai Ornäs, gidan Arent Persson, wani tsohon sani. Aka tarbe shi hannu bibbiyu, aka ba shi abinci da makwanci a bene. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin maigida na fita ya hau hanya zuwa kiran jakadan sarki da dakaru. Matar gidan, Barbro Stigsdotter, ta ga inda mijinta ya dosa, ta gane nufinsa. To, ke mai karatu, da ke ce fa? Mijinki ne, uban gidanki, kuma in ya dawo ya tarar baƙo ya tsere, ya san wanda ya buɗe masa hanya. Barbro ta tashe shi cikin dare, ta zurara shi ƙasa ta kafar bayan gida da ke maƙale a jikin benen, inda bara yake jira da doki. Ko da dakaru suka iso, sai shimfiɗa. Gidan katakon nan yana nan tsaye har yau kusa da Borlänge, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallonsa.

Labarin ƙauyen Isala ya fi ba ni sha'awa. Yana zaune a ɗakin Sven Elfsson yana jin ɗumin tanderu, matar gida tana gasa burodi, sai ga masu farautarsa sun faɗo babu sallama. Babu ƙofar baya, babu lokacin ɓuya. Me za ka yi a cikin ƙiftawar ido? Matar nan ta ɗaga faffaɗan katakon da take zaro burodi da shi, ta zabga wa baƙon a gadon baya, ta balbale shi da faɗa, wai ya tsaya yana ƙare wa baƙi kallo kamar bai taɓa ganin mutane ba, ya fita ya kama sussuka. Ya sunkuyar da kai ya fice sumui-sumui. Dakaru ko waiwayarsa ba su yi ba. Wa zai yi zaton matar manomi za ta doki ɗan sarauta?

Da wuri ya yi zafi, Sven ya binne shi cikin ingirici a kan keken doki ya kama hanya. Aka tare su, aka riƙa soka masu cikin ciyawar. Ɗaya ya sami Gustav a ƙafa, ya cije bai yi ko tari ba. Amma jini ya fara ɗiga a kan farar ƙanƙara, abin da ko makaho zai bi. Sven ya faki ido, ya zaro wuƙa ya yanki ƙafar dokinsa. Da aka tambayi jinin, ya nuna doki.

Wajen Kirsimeti ya isa Mora, a bakin tafkin Siljan. Mutane na fitowa daga coci ya tsaya ya yi musu jawabi, ya ba su labarin kisan Sitokholm, ya roƙe su su ɗauki makami. Suka saurare shi. Suka dubi juna. Suka ce sai sun ji ta bakin maƙwabta. Kada ka yi saurin zarginsu. Saurayi ne da ba su sani ba, shi kaɗai, ba shaida, yana neman su yi fito-na-fito da sarkin ƙasa uku. Kai da za ka bar 'ya'yanka cikin hunturu ka bi shi?

Gustav ya yanke ƙauna. Ya ɗaura dogayen katakan nan da mutanen arewa ke zamiya da su a kan dusar ƙanƙara, ya nufi yamma, iyakar Norwe. Da ya tsallaka, da wataƙila labarin ya ƙare a nan, da sunan Gustav ya ci gaba da zama sunan da ake ji jefi-jefi a gidajen manya.

Bayan tafiyarsa da 'yan kwanaki, wasu 'yan gudun hijira suka iso Mora da labari iri ɗaya, har da ƙari: sabon haraji na tafe, kuma za a karɓe makaman manoma. Hankalin gari ya tashi. Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa, kuma mun bar shi ya tafi! Suka zaɓi gwanayen zamiya biyu, Lars da Engelbrekt, suka ce su bi sawunsa. Tafiyar kusan kilomita 90 cikin daji da sanyi, suka cim masa a yankin Sälen, dab da iyaka, suka juyo da shi.

Daga nan abu ya tafi da sauri. A farkon 1521 mutanen Mora suka naɗa shi jagoransu. Ya kama mahaƙar jan ƙarfe ta Falun, ya ci Västerås a watan Afrilu, a watan Agusta aka ba shi riƙon ƙasa a Vadstena. Sai dai manoma da baka ba sa karya ganuwar dutse, ba sa tare teku. Ya juya ga fataken Lübeck, suka ba shi jirage da sojan haya, bashi. A 1523 mutanen Danmak da kansu suka kori Kiristiyan, kuma ranar 6 ga Yuni, a Strängnäs, aka zaɓi Gustav sarkin Suwidin. Shekararsa 27. Ga asalin ranar nan ta kalanda.

Da tatsuniya ce, da nan za a ce ƙurunƙus. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bashin Lübeck ya haura mark 100,000 a kuɗin wancan zamani, baitulmali kuwa wayam. Sarki ya ɗora haraji. A 1527, a taron Västerås, ya karɓe dukiyar coci ya mai da ita ta sarauta, ya buɗe wa sabuwar koyarwar addini ta Luther ƙofa. Mutanen Dalarna, waɗanda suke ganin su suka ɗora shi, suka fara gunaguni: gishiri ya yi tsada, kuɗi ya lalace, ana taɓa musu addini. Sau biyu suka yi bore. A 1528 ya tara su a Tuna, ya sa soja suka kewaye su, ya sare shugabanninsu a gabansu.

Sai maganar ƙararrawa. A 1531 aka ba da umarni kowace gunduma ta miƙa ƙararrawar cocinta, ko ta fanshe ta da kuɗi, don a biya Lübeck. Ka fahimci abin da ƙararrawa take ga ƙauyen da ke tsakiyar daji. Ita ke kira ibada, ita ke shelar mutuwa, ita ke gargaɗin gobara, kuma kakanni ne suka tara kuɗinta kwabo-kwabo. Da 'yan karɓa suka iso Dalarna, aka yi musu duka aka kore su.

A daidai lokacin Kiristiyan ya dawo da runduna ya sauka a Norwe yana neman gadonsa. Gustav ya ga wuta biyu ba ta kasuwa lokaci ɗaya, sai ya sassauta murya, ya nuna wa mutanen Dalarna komai ya wuce. Suka saki jiki. A 1532 aka yaudari Kiristiyan da alkawarin aminci, ya je Danmak don tattaunawa, aka kulle shi. Bai sake shaƙar iskar 'yanci ba har ya mutu a 1559. Wanda ya saba karya alkawari, da karyayyen alkawari aka kama shi. Hankalin Gustav ya kwanta ta wannan gefe, sai ya waiwayo arewa.

A watan Fabrairu 1533 ya isa Falun da runduna, ya kira jama'a taro, aka kewaye su. Wasu aka sare su nan take. Wasu aka ɗaure su zuwa Sitokholm, aka fille musu kai a 1534. A cikinsu akwai Måns Nilsson na Aspeboda, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya masa tun farkon gwagwarmaya. Akwai kuma Anders Persson na Rankhyttan.

E, shi ɗin dai. Mutumin da ya gane shi cikin tsumma bai tona shi ba.

Ka duba tsarin da kyau, mai karatu: a yi magana mai daɗi, a bari mutane su saki jiki, a tara su wuri ɗaya, a rufe hanya, a kira hauni. A ina Gustav ya ga an yi haka? Abin da aka yi wa mahaifinsa a Stortorget, shi ya yi wa mutanen da suka ɓoye shi. Masu kare shi suna cewa ƙasa sabuwa ce, in ya bar kowane yanki ya yi gaban kansa za ta wargaje. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni ban ga abin da zai hana sarkin da ya ci nasara ya bar tsohon mai masaukinsa da ransa ba, ko da a kurkuku ne. Da kai ne a kan wannan gado, takardar hukunci a gabanka, sunan Anders a kai, za ka sa hannu?

Ya yi mulki shekara 37. Ya tsara haraji da rajistar gonaki, a zamaninsa aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen ƙasar a 1541, a 1544 ya mai da sarauta ta gado. Ya rasu a 1560, aka binne shi a babban cocin Uppsala. Talakawa suka riƙa kiransa tsohon sarki Gösta, wanda shi ne yadda sunan ya lanƙwashe a bakin jama'a, har ya zama suna mai zaman kansa. Jikansa Gustav Adolf ya kai sunan fagagen yaƙin Jamus, inda ya mutu a Lützen a 1632. Sarki Gustav na Uku kuwa aka harbe shi a wurin rawar rufe fuska a 1792. Sarkin da ke kan gado tun 1973 Carl Gustaf ne. Sunan ya tsallaka teku: Kustaa a Finlan, Gustavo a Sifen da Italiya da Burazil, Gustave a Faransa, kamar injiniya Eiffel mai hasumiyar Faris.

Mutanen Dalarna fa, da aka yi wa wannan aika-aika? A nan ne abin mamaki na ƙarshe yake. A 1922 wani ɗan jarida haifaffen Mora, Anders Pers, ya kawo shawarar a riƙa tseren zamiya a kan hanyar nan don tunawa da Gustav. Ranar 19 ga Maris na shekarar mutum 119 suka tashi daga Sälen, Ernst Alm ya riga kowa isa Mora cikin awa bakwai da rabi da 'yan mintoci. Tseren, Vasaloppet, yana nan har yau, ranar Lahadin farko ta Maris, kilomita 90, mutum wajen 15,000 a kowace shekara. Kuma ba hanyar gudu zuwa Norwe ake bi ba, hanyar dawowa ake bi, wadda Lars da Engelbrekt suka juyo da shi. Kusa da inda ake ƙare tseren akwai mutum-mutumin Gustav da Anders Zorn, shi ma ɗan Mora, ya ƙera.

Masussukar nan ta Rankhyttan ma tana nan tsaye, ana kula da ita a matsayin kayan tarihin ƙasa, saboda an ce Gustav ya yi sussuka a cikinta. Idan Allah ya kai ka Dalarna, mai karatu, ka je ka gan ta. In mai yi maka jagora ya gama ba ka labarin wuyan riga mai zinariya, ka tambaye shi yadda mai masussukar ya ƙare.